Wa Zai Ce "Ya Isa"?

Karanta: Fitowa 16:11-21

Idan ka daɗe ba ka ga ɗan'uwa ba, sa'an nan kuka haɗu a ƙofar majami'a ko a kasuwa, ka ga kumatunsa sun ciko, me kakan ce masa? "Madalla, ka yi ƙiba, lalle duniya ta zauna!" Idan amarya ta yi wata shida a ɗakinta, ta zo ganin gida ba ta ƙara jiki ba, iyaye mata sukan ja ta gefe su tambaye ta ko lafiya suke zaune da maigidan. Haka muka tashi muka tarar. A wurinmu ƙiba shaidar kwanciyar rai ce, rama kuwa shaidar wahala.

Amma yau likita yana faɗa mana wani abu dabam. Yana cewa tumbin nan da muke yi wa barka shi ne yake jawo ciwon sukari, da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki. To, ga tambayar da nake so mu zauna a kanta yau. Idan ƙoshi kyauta ce daga wurin Allah, ƙaƙa kyautar take kai mutane asibiti? Laifin wane ne? Me kuma ya wajaba a kanka, da gidanka, da ikkilisiyarka?

Abin da ya sake a Wagadugu

Bari mu fara daga gida. Unguwar Ouidi ta samo sunanta daga dawaki, gama nan ne mazaunin Ouidi Naaba, shugaban mahayan dawakin Mogho Naaba, sarkin Mosawa. Fataken Hausawa da suka kafa zango a wannan gari mutanen hanya ne, masu tafiyar watanni a ƙafa da jakunansu tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, suna kai kanwa da tufa su komo da goro. Matan wancan zamani su ne daka, su ne niƙa, su ne ɗebo ruwa da itace. Wanda ya yi irin wannan aiki, kome girman malmalar tuwon da ya ci da dare, kafin azahar ta gobe jiki ya ƙone ta.

Dubi garin yanzu. A ƙidayar 1985 mutanen Wagadugu ba su kai rabin miliyan ba. A ƙidayar 2019 sun wuce miliyan 2 da dubu 400. Gari ya yi faɗi, wurin aiki ya yi nisa, har Wagadugu ta yi suna a Afirka ta Yamma saboda yawan babura. Tafiyar da kakanka zai yi a ƙafa yana hira, kai sai ka tayar da babur, ko da sayen katin waya ne a bakin titi. Injin niƙa ya hutar da turmi, mun gode wa Allah saboda wannan. Mai shago yana zaune daga safe har dare, tela yana zaune, ma'aikacin ofis yana zaune.

Abinci ma ya sake. Da safe burodi da man shafawa, da kofi wanda aka zuba masa madarar gwangwani mai kauri har cokali yana tsayawa. Da rana shinkafa dafa-duka tana ninƙaya cikin mai. Da yamma shayi zagaye uku a majalisa, kowane zagaye da nasa sukari. Zoɓo da zoom-koom da dege, waɗanda asalinsu abin kirki ne, yanzu in ba a cika su da sukari ba mai saye ba ya dawowa. Daddawa ta ja baya, dunƙulen ɗanɗano mai yawan gishiri ya shige gaba. Ga tsire da balangu da soyayyar ayaba a kowace kusurwa. Aiki ya ragu, mai da sukari sun ƙaru, jikin kuwa irin na kakanninmu ne, wanda ya saba ajiye duk abin da ya rage domin ranar yunwa.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, wato fiye da mutum biliyan 1. Tsakanin 1990 da 2022 yawanta a cikin manya ya ninka fiye da sau 2, a cikin matasa kuwa sau 4. A nan Burkina Faso, binciken da Ma'aikatar Lafiya ta yi a 2013 ya sami ciwon sukari a jikin kashi 4.9 cikin 100 na manya. Da aka sake yi a 2021 sai aka sami kashi 7.6. Binciken 2013 ɗin ya nuna cewa a birane kusan babba 1 cikin 4 yana da hawan jini. Ka ƙirga manyan da suke zama a benci ɗaya da kai ran Lahadi, ka yi lissafi da kanka.

Abin da take yi a cikin jiki

Yana da kyau ka san yadda abin yake aiki, domin kada ka ɗauka likita tsorata ka kawai yake yi. Abincin da ka ci yakan zama sukari a cikin jini. Akwai wani sinadari da jiki yake yi, sunansa insulin, shi ne kamar mabuɗin da yake buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Sa'ad da kitse ya taru, musamman a ciki kewaye da hanta da hanji, sai ƙofar ta soma ƙin jin mabuɗi. Sukari ya tsaya a jini, shekara da shekaru, yana cin ƙananan jijiyoyin ido, da na ƙoda, da na ƙafa. Daga nan ne ake samun gani ya dushe, ƙoda ta gaza, ƙaramin gyambo a yatsa ya ƙi warkewa har a yanke ƙafa.

Zuciya kuma dole ta ƙara ƙarfin bugu domin ta kai jini ko'ina cikin jikin da ya ƙaru. Gishiri ya zo ya ƙara mata kaya. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yakan yi shekaru da shi yana jin kansa garau, ran nan kawai a ce ya faɗi a banɗaki, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu. Gwiwoyi ma suna ɗauke da nauyin da ba a yi su dominsa ba.

Ka tuna kuma cewa wannan irin ciwo ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne, da za a sha magani kwana uku a tashi. Na har abada ne, maganinsa kuma na kowane wata ne. Wanda ƙodarsa ta gaza sai an wanke masa jini da na'ura sau biyu ko uku a mako, kamar yadda ake yi a asibitin Yalgado Ouédraogo. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin wankin ƙoda a asibitocinta daga sefa 15,000 zuwa 2,500, ta kuma soke ajiyar sefa 500,000 da ake biya tun farko. Wannan taimako ne babba. Duk da haka, wa zai buɗe shagon a ranakun da maigida yake kwance a kan na'ura? Wace yarinya za a cire daga makaranta ta zauna jinyar uwa? Ciwon mutum ɗaya yakan cinye jarin gida duka.

Shaidar albarka ce?

Kakanninmu ba wauta suka yi ba da suka girmama ƙiba. Mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984, suka ga shanu suna faɗuwa, yara suna ramewa, dole su yi murna in sun ga jiki ya cika. A shekarun da cutar ƙanjamau ta yi tsanani, duk wanda ya rame sai a bi shi da kallo da raɗa, har mutane suka shiga tsoron rama. Ko a Littafi Mai Tsarki, a mafarkin Fir'auna wanda Yusufu ya fassara, shanu masu ƙiba su ne shekarun yalwa, ramammun kuwa shekarun yunwa. A duniyar da abinci yake da wuya, kitse ajiya ne.

Amma alama takan tsufa ta bar ma'anarta. Yau abin da ya fi araha a gari shi ne abin da ya fi sa ƙiba: farar shinkafa, taliya, mai, sukari. Kifi da ƙwai da 'ya'yan itace su ne masu tsada. Saboda haka za ka ga mace mai nauyin jiki alhali jininta bai isa ba, ɗanta kuma bai kai tsawon tsaransa ba, duka a gida ɗaya. Ƙibarta ba ta nuna wadata. Sau da yawa talauci ne ya sake riga.

Mafi ban tausayi su ne 'yan'uwanmu mata da 'yan mata masu sayen ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" domin su cika ido. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magunguna ne masu ƙarfi da likita yake bayarwa don wata cuta dabam. Shan su ba bisa ƙa'ida ba yana kumbura fuska, ya hau da sukari da jini, ya raunana ƙashi. 'Yar'uwa, wa ya tura ki ga wannan? Bakinmu ne. Mu ne muka ce miki ba ki cika mace ba sai kin cika zane. Wanda ya yi ba'ar yana da rabo a cikin cutar.

To, zunubi ne?

Nan kuma sai mu yi hankali, gama mai gudun rami yakan faɗa rijiya. Da zarar mutum ya ji wa'azi irin wannan sai ya soma duban masu jiki a majami'a yana yanke musu shari'a a zuci. Ka tuna da labarin makahon nan a Yahaya sura 9. Almajirai suna neman wanda za su ɗora wa laifin makantarsa, ko shi ko iyayensa, Ubangiji kuwa ya ƙi bin su a wannan hanya.

Ma'auni ba ya auna zuciya. Akwai wanda ya gāji jiki daga iyaye. Akwai macen da haihuwa biyar ko shida ta bar mata nauyi. Akwai wanda magani ne ya sa masa, akwai wanda baƙin ciki ne yake tura shi ga abinci. Masana sun gano kuma cewa wanda ya sha yunwa tun yana ciki ko yana jariri ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini in ya girma ya sami yalwa. Ashe wani dattijon da kake gani da tumbi yau, tabon yunwar yarintarsa yake ɗauke da shi. A gefe guda, akwai siririn mutum wanda cikinsa ne ubangijinsa, ya cinye naman miya ya bar wa yara romo. Haɗama tana zaune a zuciya, ba kullum take fitowa a jiki ba.

Don haka kada ka ce wa mai ƙiba albarkatacce saboda ƙibarsa, kada kuma ka ce masa mai zunubi saboda ita. Tambayar da ta dace da kai da shi duka ita ce, me kake yi da jikin da aka ba ka amana? Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa jikin mai bi wurin zaman Ruhu ne, ba mallakar kansa ba. Wanda aka ba ajiyar doki ba zai bar shi da yunwa ba, ba zai kuma ɗaure shi a turke yana ɗura masa dawa har ya kasa tashi ba. Ba za a tambaye ka irin jikin da aka haife ka da shi ba. Za a tambaye ka riƙon da ka yi masa bayan ka sani.

Mudu ɗaya a rana

Nassin da muka karanta yana koya mana wannan riƙo. A jeji, Allah ya ciyar da jama'a da manna, amma ya sa mata ma'auni: mudu ɗaya ga kowane mutum a rana. Waɗanda suka ɓoye ragowa don tsoron gobe, da gari ya waye sai suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Abincin daga sama ya zo, ba wanda zai ce ba albarka ba ne. Duk da haka abin da ya wuce ma'auni ya ruɓe. A Littafin Ƙidaya sura 11 kuma, jama'ar suka raina mannar, suka yi kukan nama, aka ba su makware har suka yi yawa, wurin kuwa ya zama makabarta wadda aka sa wa sunan kwaɗayi. Hausawa ma sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Darasin shi ne, albarka tana tafe da ma'auninta. Ruwan sama albarka ne, amma mutanen Wagadugu ba su manta da ran 1 ga Satumba 2009 ba, sa'ad da ya sauko fiye da kima ya rushe dubban gidaje. Yunwa ta koya wa kakanninmu haƙuri da rashi. Mu kuwa an ba mu jarrabawar da ba su sani ba, wato mu iya cewa "ya isa" alhali akwai saura a tukunya. Wannan shi ne kamunkai, yana kuwa cikin 'ya'yan Ruhu.

Akwai kuma wani dalili. A watan Maris 2023 hukumomin ƙasar nan sun ƙirga fiye da mutum miliyan 2 da tashin hankali ya raba da gidajensu. A 2022, sa'ad da aka datse hanyoyin shiga Djibo, akwai iyalan da suka rayu da ganyaye. Bulus ya tsauta wa ikkilisiyar Koranti domin a wurin cin abincinsu na tarayya wani yana ƙoshi har ya wuce wuri, wani kuwa yana zaune da yunwa. Abin da ya yi maka yawa har yake cutar da kai, shi ne ya yi wa wani kaɗan. Mudun da ka rage daga tukunyarka yana da inda zai tafi.

Akushi ɗaya muke ci

Sai dai mutum ɗaya ba ya iya faɗin "ya isa" shi kaɗai, gama mu ba masu ci ɗai-ɗai ba ne. Wanda likita ya hana wa gishiri, tukunya ɗaya ake dafa musu da mutum goma. Baƙon da ya ce ya ƙoshi, sai uwargida ta ce ya raina girkinta. A bikin aure, da suna, da Kirsimeti, da taron zumuntar mata, darajar mai gayya tana ga yawan akwatunan lemo da ya jera. Fasto da dattawa su ake fara miƙa wa cinyar kaza da kwalba biyu. Ƙauna ce, ba shakka. Amma kwalbar lemo mai santilita 33 tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali 8. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Idan ka matsa wa mai ciwon sukari ya sha don kada ranka ya ɓaci, ka fifita fuskarka a kan ƙafarsa da idonsa.

Saboda haka nauyin na gida ne duka, na ikkilisiya ne, na gari ne. A zamanin Thomas Sankara, tsakanin 1983 da 1987, an keɓe yammacin Litinin da Alhamis domin ma'aikata su fita motsa jiki tare. Ko me mutum zai ce game da wancan zamani, an gane abu guda: abin da yake da wuya ga mutum ɗaya yakan yi sauƙi in jama'a suka yi shi tare.

Abin da za ka iya yi daga yau

Na ɗaya, ka san matsayinka. Ka je ƙaramin asibitin unguwa a auna maka jini da sukari, ko da kana jin lafiya. A gida kuma ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya soma yawa. Ga mai tsawon mita 1.70, nauyin da ya kai kilo 87 ya shiga ƙibar da likitoci suke kira cuta. Ga mai mita 1.60, kilo 77 ne.

Na biyu, kada ka raina kaɗan. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi mutanen da suke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka taimaka musu su rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Sannu ba ta hana zuwa. In majami'a ko kasuwa ba ta da nisa, ka bar babur a gida.

Na uku, ku zauna da uwargida ku yi shawara a kan tukunya, ba da faɗa ba. A rage mai, a rage dunƙule da gishiri, gama ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya ishi babba a yini. A komo ga wake, da tuwon dawa da gero, da miyar kuka da kuɓewa, da zogale, da babenda. Wannan ba abincin talauci ba ne da za a ji kunyarsa. Yara kuma a saba musu da ruwa tun harshensu bai koyi zaƙi ba.

Na huɗu, ku shugabannin ikkilisiya, ku fara. Ku sa ruwan sanyi da zoɓo marar yawan sukari a taro. Ku gayyaci ma'aikatan lafiya da suke cikinku su auna jama'a bayan sujada. In an ba ɗan'uwa maganin hawan jini ko na sukari, kada kowa ya ce masa ya bar sha don ya nuna bangaskiya. Mu yi masa addu'a, mu kuma taimake shi sayen maganin. Mai ciwon sukari da yake so ya yi azumi, ya fara tambayar likitansa.

Na biyar, ka gyara gaisuwarka. Ka daina yabon ƙiba, ka daina ba'ar rama, ka daina yi wa mai jiki dariya. In baƙonka ya ce ya ƙoshi, ka ce masa madalla, ka ɗauke kwano.

Mu yi addu'a

Ya Uba, mun gode maka saboda abincin yau. Ka koya mana sanin ma'auni a lokacin yalwa, kamar yadda ka riƙe iyayenmu a lokacin rashi. Ka tsare bakinmu daga yi wa 'yan'uwa shari'a. Ka taɓa masu fama da ciwon sukari da hawan jini, ka ƙarfafa masu jinyarsu. Ka tuna da waɗanda suka kwana da yunwa, ka buɗe hannunmu zuwa gare su. A cikin sunan Yesu, Amin.